Darasin Noma: Yadda Ake Hana Mangwaro Saurin Ruɓewa

Kowace bazara mangwaro kan cika kasuwa, farashi ya faɗi. Wanda bai sayar da wuri ba, sai ya zubar da nasa. Yawancin wannan asara daga gona take farawa.

Mangwaro yana da rai ko bayan an tsinke shi. Yana numfashi, yana fitar da ruwa. Zafi yana sa shi saurin nuna. Rauni kuma ƙofa ce da ƙwayoyin cuta ke shiga.

A gona

1. A tsinka da safe bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta yi zafi.
2. Kada a jijjiga bishiya ko a jefe ta. A yi amfani da gora mai 'yar jaka a baki.
3. A bar ɗan guntun mariƙi. Bayan an rage shi, a kifa mangwaron kan tabarma har danƙon ya tsiyaye. Danƙon nan yana ƙona bawo, ya bar baƙin tabo.
4. A ajiye a inuwa nan da nan.

A gida

A wanke da ruwa mai tsabta, a bari ya bushe. A ware masu rauni a ci su tukuna. A raba nunannu da ɗanyu, domin nunanne yana fitar da wata iska mai sa na kusa da shi nuna. A shimfiɗa takarda cikin kwando, kada a danna kaya.

Randa cikin randa

Malam Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A sa ƙaramar randa cikin babba. A cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi safe da yamma. A zuba kaya cikin ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke bushewa shi ke janye zafi. Ta fi aiki da rani da bazara. Tumatir, yalo da tattasai ma suna daɗewa a ciki.

Wanda kayansa suka ƙara kwanaki zai iya jiran ranar kasuwa mai kyau.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a jijjiga bishiya?
2. Sau nawa ake jiƙa yashi a rana?