DARASI DON ƘUNGIYOYIN MANOMA: YARANMU DA KWAMFUTA

'Yan'uwa manoma na Tofa da kewaye, gonakinmu ƙanana ne, iyali kuwa kullum ƙaruwa su ke yi. Gonar da uba ya noma shi kaɗai, gobe 'ya'ya biyar za su raba ta. Saboda haka wajibi ne yaro ya riƙe fartanya, ya kuma riƙe ilimin zamaninsa.

Me ya sa tun daga firamare?

A 2012 gwamnatin tarayya ta soma raba takin zamani mai rangwame ta hanyar saƙon wayar hannu. Manomin da bai iya karanta saƙo ba, sai da ya nemi mai karanta masa. A 2015 kuma hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya kan kwamfuta. Ɗan ƙauye mai ƙoƙari, in bai taɓa inji ba sai ranar jarrabawa, lokacinsa zai ƙare wajen laluben haruffa.

In babu wuta fa?

Ana iya soma koyo ba tare da inji ba. Kwamfuta ba ta da wayon kanta, umurni ta ke bi ɗaya bayan ɗaya. Malami ya sa yara su jera matakan noman gyaɗa: sharar gona, huɗa, shuka, noma, cira. In sun sa shuka gaban huɗa, aiki ya ɓaci. Haka ya ke ga inji. Ya kuma zana allon haruffa a kan kwali, yara su saba da mazaunin kowane harafi.

Aikin ƙungiya

1. Ku aiki mutum biyu wurin hedimasta su tambaya ko ana koyar da wannan darasi.
2. Da kaka ku ware tiya ɗaya daga kowane gida, ku haɗa kai da maƙwabtanmu Musulmi don sayen faranti mai amfani da hasken rana.
3. Yara su taya magatakarda lissafin buhuna da bashi a waya.
4. A koya musu kada su ba kowa lambar sirri ta banki.
5. Kada a bar 'yan mata baya.

Ku karanta Matiyu 25:14-30, misalin talanti. Bawan da ya binne nasa a ƙasa, tsoro ne ya hana shi riba. Ƙwaƙwalwar yaro ma amana ce daga Ubangiji.

Tambaya don tattaunawa: a ƙungiyarku, gida nawa ne ke zuwa wurin wani a karanta musu saƙo?