Darasi: Kyauta Ga Ikkilisiya Cikin Wasiyya

Karatu: 1 Tarihi 29:1-9, Markus 7:9-13, 1 Timoti 5:8

'Yan'uwa, da yawa cikinmu muna gudun maganar wasiyya, kamar wanda ya rubuta ta ya kira wa kansa mutuwa ne. Amma mu da muke aiki da gwauraye da marayu mun san abin da rashinta yake jawowa: ana gama zaman makoki, sai rigima ta tashi a kan gida da gona. Darasinmu na yau a kan mai bi ne da yake so ya bar wa ikkilisiya wani abu bayan ransa.

Misalin Dauda

Sarki Dauda ya san ba shi ne zai gina Haikali ba, ɗansa Sulemanu ne. Duk da haka ya ba da talanti 3,000 na zinariya da talanti 7,000 na azurfa daga dukiyarsa ta kansa, domin aikin da idonsa ba zai gani ba. Mu ma muna iya yin haka daidai ƙarfinmu: rumbun hatsi domin damina, rijiyar burtsatse, ko kuɗin makarantar marayu.

Iyali tukuna

A Markus 7 Yesu ya tsauta wa masu keɓe wa Allah abin da ya kamata su taimaki iyayensu da shi. Bulus kuma ya ja wa Timoti kunne a kan mai bi da ya ƙi kula da gidansa. Saboda haka mu fara da biyan bashi, da wurin zaman matarmu, da karatun yara, maza da mata. Abin da ya rage, daga nan ne kyautar ikkilisiya za ta fito. Kyautar da za ta fitar da gwauruwa daga ɗakinta ba ta girmama Ubangiji.

Yadda za mu yi

1. A rubuta. Bisa dokar wasiyya ta Ingila ta 1837 da Najeriya ta gada, da dokokin da wasu jihohi suka yi wa kansu, mai wasiyya zai sa hannu a gaban shaidu biyu, su biyun a lokaci ɗaya, su ma su sa hannu.

2. Wanda aka bar wa wani abu, ko matarsa ko mijinta, kada ya zama shaida, domin yana iya rasa rabonsa. Shawararmu ita ce fasto da dattawa ma su janye daga rubutu da shaida, kada a ce sun matsa wa mamacin.

3. A sa cikakken sunan da amintattun ikkilisiya suka yi rajista da shi a hukumar CAC, a kuma faɗi reshen da ake nufi da aikin da za a yi da kyautar.

4. Mu ba da abin da yake namu kaɗai. Gonar gado ta dangi ba ta mutum ɗaya ba ce.

5. In kuɗi ne, gara a faɗi kashi, misali 5 cikin 100 na abin da ya rage, tun da darajar naira takan sauka.

6. A nemi lauya, a naɗa amintaccen mutum mai zartarwa, a ajiye takardar a ofishin rajistar wasiyya na Babbar Kotun jiha.

A ƙarshe, mu zauna da iyali mu gaya musu nufinmu tun muna da rai da lafiya. Abin da suka ji daga bakinmu ba zai zama musu abin mamaki ba a ranar baƙin ciki.

Don tattaunawa

1. Me yake hana mu rubuta wasiyya?

2. In ikkilisiyarmu ta ga kyautar da aka bar mata za ta cuci marayu, me ya kamata dattawa su yi?

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.