Sanin Maciji Mai Dafi A Kewayen Gida

A watan Nuwamba na 2021 wata sojar sama ta rasu a Abuja bayan maciji ya sare ta cikin makewayin gidanta a bariki. Birnin Tarayya kullum ƙara cin daji yake yi ta wajen Kuje, Bwari da Lugbe, macizan da aka tarar kuwa ba su yi ƙaura ba.

Jama'a kan ce maciji mai faffaɗan kai shi ne mai dafi. Wannan ma'auni yana da haɗari. Mesa tana da faffaɗan kai, amma ba ta da dafi. Kumurci kuwa kansa bai cika faɗi ba, ga shi yana kisa. Launi ma haka, gama ba kowane koren maciji ne damatsiri ba.

Abin da ya fi amfani shi ne mai karatu ya san halin uku waɗanda suka fi yi wa mutanenmu ɓarna. Kububuwa, watau gobe-da-nisa, ƙarama ce, da wuya ta wuce ƙafa 2, launin ƙasa da ɗigo-ɗigon fari. In ta tsorata sai ta nannaɗe, ta riƙa goga jikinta yana ƙara kamar an zuba ruwa a wuta. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum yana iya ganin ya tsira, daga baya jini ya ɓalle ta dasashi. Ita ce ta fi kai mutane asibitin macizai na Kaltungo, Jihar Gombe. Wani maciji mai shan ƙwai, marar dafi, yana kwaikwayon kamarta har da ƙarar, saboda haka kada a tsaya gwaji.

Kasa kakkaura ce, ba ta gudu, huci take yi. Kumurci yakan shiga ɗaki da dare neman ɓera da kwaɗi, ya fasa kai, ya feso dafi a ido daga nisan ƙafa 6 ko fiye. Wanda aka fesa wa ya wanke idon da ruwa mai yawa nan take.

In sara ya auku, a ɗauka na mai dafi ne. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da munduwa, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibiti. Ba sai an kamo macijin ba: likita yana iya gane aikin kububuwa ta zuba jinin majiyyaci a kwalba, ya duba ko ya daskare cikin minti 20.