Ɗamarar Matafiyi

Durun gari ne a ƙasar Kabo, yamma da birnin Kano. In mutumin Durun zai tafi birni, ko zai ci kasuwar Gwarzo, sai ya nemi motar haya. Babbar hanyar wannan yanki ta taso daga Kano, ta ratsa ƙasar Rimin Gado da ta Kabo, ta isa Gwarzo, sa'an nan ta zarce Dayi cikin Jihar Katsina. Kullum bas-bas suna kai da kawowa a kanta, ɗauke da fatake da 'yan makaranta da masu zuwa asibiti.

Wanda ya zauna kujerar gaba, in ya duba gefen kafaɗarsa, zai ga wata igiya mai faɗi tana rataye. Sunanta bel. Akan jawo shi ya gitta ƙirji, ya zagaye ƙugu, a cusa bakinsa cikin wani ɗan makulli har a ji ya ce ƙyas. Wannan ita ce ɗamarar matafiyi.

Mene ne amfaninsa? Ku tuna da yarinya mai tallar nono. In tana sauri ta yi tuntuɓe, ita ta tsaya, amma nonon da ke cikin ƙwarya ba ya tsayawa, sai ya watse gaba. To, haka mutum yake cikin mota. In mota tana gudu, jikinsa ma gudun yake yi, ko da yana gyangyaɗi. In ta ci karo ta tsaya farat ɗaya, jikin sai ya wuce, ya bugi gilashi, ko ya faɗa waje. Doka ta ce kada bas ta wuce gudun kilomita 80 cikin awa a kan babbar hanya irin ta Gwarzo. Amma ko a wannan gudu, wanda ya bugi abu kamar wanda ya faɗo ne daga tsawon mita 25, watau daga kan doguwar giginya. Ba ƙaton da ke iya riƙe kansa da ƙarfin hannu a irin wannan hali. Bel shi ne ke riƙe mutum, kuma a ƙashin ƙugu da na ƙirji yake riƙe shi, inda jiki ya fi ƙwari. Masana sun ƙididdige, sun ga ɗaura shi yana rage mutuwar mazauna gaba da kusan rabi.

Wani injiniya na ƙasar Suwidin, Nils Bohlin, shi ya ƙago irin wannan bel a kamfanin motoci na Volvo cikin 1959. Kamfanin bai yi rowarsa ba, ya bar sauran maƙera motoci su kwaikwaya kyauta. A Nijeriya kuwa, an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa cikin 1988, aka fara tilasta ɗaura bel ran 1 ga Janairu 2003. Dokokin hanya na 2012 suka ce a sa bel a kujerun gaba da na baya, kuma wajibin direba ne ya ga an ɗaura. Cikin wannan shekara ta 2012 Gwamnatin Kano ta kafa tata hukumar, wadda ake kira KAROTA. Akwai kuma ma'aikatan duba lafiyar motoci, waɗanda ake ce wa VIO.

In ma'aikaci ya ɗaga hannu, direban kirki yakan rage gudu, ya ratse gefe, ya tsaya. Sai ma'aikacin ya nemi lasin da takardun mota. Ya duba tayoyi ko sun suɗe, ya tambayi safaya. Ya ce a taka burki, a kunna fitilu. Ya nemi kwalbar kashe gobara, da alamar nan ja mai kusurwa uku da akan ajiye bayan mota in ta lalace. Ya ƙirga fasinja, don ya ga ko an yi lodi fiye da kima. Sa'an nan ya dubi bel, ko akwai shi, ko bai tsinke ba, ko makullinsa yana kamawa. Wanda aka samu da laifi a rubuta masa takardar tara, ya je ya biya cikin asusun gwamnati. Ba a hannu ake miƙa tara ba.

Lodi da bel ba su jituwa. Kujerar da aka yi domin mutum ɗaya bel ɗaya gare ta. In aka cusa mutum biyu a kanta, ba wanda zai ɗauru sosai. Haka kuma bencin da maƙeri ya ƙara cikin mota don a sami wurin fasinja, sau da yawa ba shi da bel ko kaɗan.

Akwai wata mummunar al'ada da waɗansu direbobi ke yi. Da sun hangi ma'aikata daga nesa, sai su yi maza su yafa bel a ƙirji ba tare da sun kulle ba, da an wuce kuma su yar. Suna tsammani wayo ke nan. Amma wa suka cuta? Ma'aikaci yana tsaye lafiya a gefen hanya. Haɗari kuwa ba ya jira sai gaban ma'aikata. Yakan zo inda taya ta fashe, ko inda shanu suka ratsa hanya ba zato. Waɗansu kuma sukan ce, in kwana ya ƙare bel ba ya hanawa. Gaskiya ne rai a hannun Allah yake. Duk da haka manomi ba ya barin gero bisa masussuka da damina, sai ya kai shi rumbu, sa'an nan ya dogara ga Allah. Rigakafi ya fi magani.

Yaro ma yana da abin yi. Wanda bai kai shekara 12 ba, baya ne wurin zamansa. In kujerarsa tana da bel, ya ɗaura tun mota ba ta tashi ba, kada ya kwance sai ta tsaya. Kada ya fid da kai ko hannu ta taga. In ya ga babba ya manta, sai ya ce da ladabi, "Baba, ba ku ɗaura bel ba." In kuwa haɗari ya auku, lambar kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122.

Tambayoyi

1. Me ya sa jikin mutum ke wucewa gaba in mota ta tsaya farat ɗaya?
2. Cikin wace shekara aka fara tilasta ɗaura bel a Nijeriya?
3. Faɗi abubuwa biyar da ma'aikaci ke dubawa in ya tsai da bas.
4. Direban da ya yafa bel bai kulle ba, wa ya cuta?