Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Rake Ke Gadon Uwarsa, Masara Mai Aure Kuma Ba Ta Yi?

Tambaya: Ni manomi ne a Danja, ina noman rake a fadama, da damina kuma masara. Shekara da shekaru muna yanka karan rake mu dasa, ya fito daidai da wanda aka yanko shi. Amma bara na sayi irin masara mai aure, ta yi kyau ƙwarai, na ware manyan goyo na shuka bana, sai ga gona wani kara dogo wani gajere, goyon ma ƙanana. Shin masu sayar da iri ne ke sa wani magani don mu riƙa komawa saye?

Amsa: Babu maganin da aka sa wa irinka. Abin da ka gani ya samo asali ne daga hanyoyi biyu da ƙwayoyin halitta ke rabuwa, kuma gonakinka biyu sun nuna maka su a fili.

Jikin rake da na masara da namu duk an gina su da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu zare-zare da ake kira kuromosom, su ke ɗauke da bayanan gado: tsawon kara, zaƙi, jure fari. Masara tana da 20, tumatir 24, mutum 46. Suna zuwa ne bibbiyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba.

Ƙwaya ba ta rabuwa kai tsaye. Takan fara girma, sannan ta kwafi dukkan kuromosom ɗinta kamar yadda mai rubutu ke kwafe littafi harafi bayan harafi, ta duba ko an yi kuskure, sannan ta rabu. Wannan shiri shi ke cin mafi yawan lokaci. A ƙwayar mutum da ke kammala zagayenta cikin kamar awa 24, rabuwar kanta ba ta wuce awa ɗaya ba sosai. Idan lokaci ya yi, kuromosom su jeru a tsakiya, a ja kowane kwafi zuwa gefe guda, ƙwaya ɗaya ta zama biyu masu bayanai iri ɗaya. Wannan ita ce maitosis, wadda Bajamushe Walther Flemming ya bayyana a 1882. Da ita ciwo ke warkewa, da ita yaro ke girma. Idan masu tsaron wannan zagaye suka lalace, ƙwaya ta dinga rabuwa ba birki, shi ne ciwon daji.

Idon da ke jikin gaɓar rake da maitosis yake toho. Saboda haka raken da ka dasa bana, a haƙiƙa, shi ne na bara ya ci gaba da rayuwa a sabon wuri. Haka rogo, haka dankalin Hausa. Sai dai a nan akwai abin lura: yadda yake gadon zaƙi haka yake ɗauko cuta. Kara mai cutar nan da ke fito da baƙar bulala a kan rake, in ka dasa shi ka dasa cutar.

Masara kuwa ta iri take haihuwa, kuma iri sai da uwa da uba. Furen da ke saman kara shi ke zubo da bununi, gemun goyo ya karɓa, kowane silin gemu ƙwayar masara ɗaya. To da bununi zai zo da kuromosom 20, ƙwan ma 20, da 'ya ta tashi da 40, jika da 80. Abin da ke hana haka shi ne rabuwa ta biyu, miyosis. A nan ƙwaya kan kwafi kuromosom sau ɗaya amma ta rabu sau biyu, a sami ƙwayoyi huɗu, kowace da 10 kacal. In bununi ya haɗu da ƙwai a koma 20.

Ga inda amsar tambayarka take. Wajen wannan rabo, ba a ware na uwa gefe na uba gefe. Kuromosom 20 ɗin nan bibbiyu ne sau goma, kowane biyu da kansu suke rabuwa, wannan kaɗai yana ba da haɗi iri-iri har 1,024. Kafin su rabu ma sukan manne su yi musayar gutsattsari. A jikin masarar nan taku Barbara McClintock da Harriet Creighton suka tabbatar da wannan musaya a Amurka a 1931.

Masu samar da iri mai aure sukan ɗauki shekaru suna tsarkake layuka biyu, har kowanne ya zama bununinsa ko ƙwansa kusan iri ɗaya ne kullum. In aka aurar da su, duk 'ya'yan farko su fito kai ɗaya, da ƙarfin da ya zarce na iyayen biyu, abin da George Shull ya nuna tun 1908. Shi ne abin da ka saya. Amma da wannan masara ta yi fure a gonarka, miyosis ta sake cakuɗa abin da aka haɗa, raunin da ke ɓoye a kowane layi ya sami damar bayyana. A lissafin masana, kusan rabin wannan fifiko kan zube tun a shuka ta biyu. Zaɓen manyan goyo ba ya magance wannan, domin girman goyon na uwar ne, ƙwayoyin da ke jikinsa kuwa kowace da nata rabon.

Ina ganin akwai hakki a kan masu sayar da iri su faɗa wa manomi wannan tun a kanti, domin kuɗin taki da ka zuba bana ba ƙarami ba ne. Kuma ba dole sai mai aure ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, tana fitar da irin masara masu suna SAMMAZ, wasu masu aure, wasu kuwa waɗanda ake iya ajiye irinsu shekara biyu zuwa uku, muddin an ɗebo daga tsakiyar gona, nesa da masarar maƙwabta. Kafin ka sayi na baɗi, ka tambayi malamin gona ko wane ne a cikin biyun. In mai aure ne, ka shuka shi sau ɗaya, amfanin ya tafi rumbu ko kasuwa.