BATIRIN JIRGIN RUWA IDAN YA FARA YOYO

Manoman bakin Kwara da na tafkin Kainji da yawa da jirgi mai inji suke kai albasa da shinkafa kasuwar Yawuri. Wanda jirginsa ke da batir na tā da inji ko na fitila, lalle ya riƙa duba shi, don ruwan cikinsa kashi ɗaya cikin uku asid ne. In ya tsiyaya yana cin buhu, ya ci katako da ƙusa, ya ƙona fata.

Alamar farko ita ce farin gari ko shuɗi a kan batir, da laima a ƙarƙashinsa. Amma ba kowace laima ce yoyo ba, jirgi ai ba ya rabuwa da ruwa. Sai a jiƙa kanwa a ɗiga a wurin. In ya yi kumfa, asid ne.

To, sauran a san inda yake fitowa. A kashe inji, a kwance wayar da ke da alamar ragi tukuna, sa'an nan ta biyu. A goge batirin ya bushe, a ɗora shi a kan kwali ya kwana. In da safe kwalin ya jiƙe, akwatin ya tsage ke nan, galibi saboda bugun igiyar ruwa. In kuwa a bakin murafe ne laimar take, ko dai an cika masa ruwa ya wuce kima, ko caji ya yi yawa har yana tafasa. Mai gyara ya auna da mita: batir mai bolt 12 ba ya son cajin da ya kai bolt 15. Tataccen ruwa kaɗai ake ƙara masa, ya rufe farantan ciki da kamar rabin inci. Ba a ƙara asid, ba a zuba ruwan kogi.

A wanke waje da ruwan kanwa, amma fa kada ya shiga ciki, zai kashe batirin. Kada a kawo taba ko aci-balbal kusa, gama iskar da yake fitarwa tana kama wuta. In ruwan ya faɗa ido, a yi ta wankewa minti 15, a tafi asibiti.

Batirin da ya tsage ba shi da magani. Waɗansu sukan liƙe da ƙaro don ƙyashin kuɗi, ranar da za shi sake ɓallewa kuwa sai a tsakiyar ruwa da kaya niƙi-niƙi. A kai shi wurin masu sayen tsofaffin batura, kada a jefa a kogi ko a fasa a gida, don dalma ce cike da shi. Gubar dalma ce ta kashe yara wajen 400 a Zamfara a 2010, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Sabon kuma a sa shi cikin akwatin roba, a ɗaure tam inda ruwa ba ya taruwa.