Koyar da Nazarin Bayanai da Matsalolin Ofishin Akanta

Darasin nazarin bayanai mai siffar labari shi ne wanda ake ginawa a kan matsala guda da ta taɓa tasowa a wurin aiki. Ana miƙa wa ɗalibi irin takardun da ma'aikaci ya tarar a kan teburinsa, a bar shi ya bi sawun kuɗin har ya gano inda gizo ke saƙa. Ba da manhaja ake farawa ba. Wata ya ƙare, littafin kamfani ya faɗi abu kaza, banki ya faɗi wani abu daban, manaja kuma yana jiran rahoto kafin la'asar: nan ne mafarin darasin. Tace bayanai, jera su da gwama jadawali biyu duk suna shigowa ne a lokacin da labarin ya buƙace su.

Salon ya daɗe. A 1870 Christopher Columbus Langdell ya fara koyar da aikin lauya a Jami'ar Harvard ta Amurka da hukunce-hukuncen kotu na gaske, makarantar kasuwanci ta jami'ar kuma ta ɗauki hanyar a farkon shekarun 1920. Aikin akanta ya dace da ita saboda tsarin shigarwa sau biyu da Luca Pacioli ya bayyana a littafin da ya wallafa a Italiya a 1494. Kowace mu'amala tana bayyana a wuri biyu, don haka kuskure da wuya ya shige bai bar sawu ba.

Daidaita littafin kuɗi da bayanin asusun banki ya fi kowace matsala dacewa da darasin farko. A ce an samu giɓin naira 270,000. Abin da sabon shiga kan fara yi shi ne neman wannan adadi a cikin jadawali, kuma ba zai same shi ba. Daga nan sai a tambaye shi: me ke sa littafi da banki su saɓa ko da ba wanda ya yi laifi? Akwai cakin da aka rubuta ba a kai banki ba, akwai kuɗin da aka zuba a ranar ƙarshe bai shiga ba, akwai naira 50 da ake cirewa a kan turin kuɗi na naira 10,000 zuwa sama, wadda mai rubuta littafi kan manta da ita. Idan an ware waɗannan giɓin bai gushe ba, sai a raba shi biyu, domin kuɗin da aka fitar amma aka rubuta shi a gefen shiga yana haifar da giɓi ninkin kansa. Malami mai lura zai bar wani biya na naira 135,000 a cikin bayanan, wanda aka rubuta daidai, don ɗalibi ya bi shi ya dawo hannu rabbana. Sai a ƙarshe a raba giɓin da tara. Ya rabu ba saura, alamar da tsofaffin akantoci suka sani ta musanyar lambobi biyu: rasit ya ce 1,470,000, mai shigarwa ya buga 1,740,000.

Wannan ɓatan hanyar da gangan ake barin sa, kuma shi ne ya fi komai amfani a darasin. Wanda aka nuna wa amsa kai tsaye ya koyi dabara ɗaya. Wanda ya yi zato, ya gwada, zaton ya faɗi, ya sake wani, ya koyi yadda ake jera tambayoyi, kuma hakan ne ainihin aikin mai nazarin bayanai.

Jerin albashi shi ne mataki na gaba, kuma a Nijeriya labarinsa ba ya buƙatar ƙari. A Fabrairun 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, a zamanin Kemi Adeosun, ta sanar da cire sunaye 23,846 daga jerin masu karɓar albashi bayan gwama shi da lambar tantance mai asusun banki ta BVN, wadda Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a 2014. Abin da aka yi a can shi ne ɗalibi zai yi a ƙaramin jadawali: neman sunaye da yawa da albashinsu ke shiga hannun mutum ɗaya. Sai dai a nan akwai tarko. A ma'aikata ɗaya a Kano ko Katsina ana iya samun Musa Ibrahim uku, kowanne ma'aikaci ne na gaske, mutum ɗaya kuma yana iya bayyana da Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, Muh'd a ta uku. Wanda ya dogara da suna zai ɗora wa mai gaskiya laifi, ya kuma bar ma'aikacin bogi ya wuce. Ta haka ɗalibi ke gane dalilin da ya sa ake gwama bayanai da lamba tilo da ba ta maimaituwa.

Akan kawo dokar Benford a wannan gaɓa. Simon Newcomb ya lura da ita a 1881, Frank Benford ya sake bayyana ta a 1938: a tarin alƙaluman da suka taso da kansu, kusan 30 cikin 100 suna farawa da lamba 1, waɗanda ke farawa da 9 kuma ba su kai 5 cikin 100 ba. Tana burge ɗalibai, amma ba ta aiki a kan albashi ko farashin da aka ƙayyade. Abin da ya fi ta amfani a ofis shi ne duba iyakar amincewa. Idan ikon manaja ya tsaya a naira 500,000, aka kuma ga baucoci sun yi cincirindo a 490,000 da 495,000, akwai yiwuwar ana datsa sayayya ɗaya gida-gida. Wajibi ne darasin ya nuna cewa wannan dalili ne na buɗe fayil a duba rasit, ba hujjar kiran kowa ɓarawo ba. Mutuncin ma'aikaci yana iya zubewa saboda jadawalin da aka karanta da gaggawa.

Bayanan da za a ba ɗalibi kada a wanke su tas. A bar kwanan wata da aka rubuta iri biyu, da layin da aka maimaita, da gurbin da ba a cike ba, domin haka suke zuwa a ofis, kuma gyaran su ne ke cin mafi yawan lokacin aiki. A kuma saba masa da ƙirga layuka kafin kwashe bayanai da bayan kwashewa. A Oktoban 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta tsallake sakamakon mutum 15,841 da suka kamu da korona a rahotanninta, saboda tsohon tsarin fayil na Excel da aka yi amfani da shi ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536.

Abin da dole a wanke shi ne duk alamar da za ta tona asirin wani. Akanta amana ke hannunsa, Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 kuma ta ƙara wa amanar ƙarfin doka. Canza suna kaɗai bai wadatar ba, don a ƙaramin gari muƙami da adadin albashi sun isa a gane mutum. Ana canza sunaye, garuruwa da nau'in sana'a, a ninka duk alƙaluman da lamba ɗaya don dangantakarsu ta tsaya yadda take, sannan a sake gwada darasin a tabbatar giɓin yana nan inda aka aje shi.

Ana rufe darasin da takarda mai shafi ɗaya zuwa ga manaja. A ciki ɗalibi zai faɗi abin da ya gano, da takardar da ta tabbatar da shi, da abin da yake zato amma bai tabbatar ba, da matakin da zai hana maimaituwa, kamar sa mutum na biyu ya duba duk shigarwar da ta haura wani adadi. Malami yana auna takardar da tambaya ɗaya: shin manajan da bai taɓa buɗe jadawalin ba zai iya yanke shawara da ita?